Bakin Baba ya karkace, hannunsa ya saki, sannan ya warware da kansa: mu kai shi asibiti ko mu jira?

Maman Ilham (Anguwan Rogo):

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da ma'aikatan jinya da ke wannan zaure, da ma duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki, domin abin da ya faru a gidanmu yau da safe ya tsaya mini a rai. Mahaifinmu ya haura shekara 60, yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, kuma an daɗe da gaya masa cewa yana da hawan jini, sai dai ba ya shan magani sai ranar da kansa ya yi ciwo. Bayan ya dawo daga sallar asuba yana zaune yana shan shayi, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Da Mama ta tambaye shi ko lafiya, ya buɗe baki zai amsa, amma maganar ta fito a harɗe ba a gane komai, gefen bakinsa na dama ya sauka, shayin yana zubowa ta nan. Kafin ƙanena ya samo keke a bakin titi komai ya wuce, bakin ya koma daidai, ya ɗaga hannunsa, ya yi magana garau, har ya yi mana faɗa cewa mun tara masa jama'a a banza.

Yanzu shi ya ce sanyin Jos ne ya kama masa jijiya, kuma gobe zai fita kasuwa. Gwaggonmu ta ce iska ce ta shafe shi, a nemo malami ya yi masa ruƙiyya. Wani maƙwabcinmu ya kawo asfirin ya ce a ba shi biyu, wata ƙawata kuma ta turo mini saƙon WhatsApp mai cewa idan haka ta sake faruwa a sossoke yatsunsa goma da allura har jini ya fito. Tunda ya warware da kansa, shin akwai sauran abin tsoro, ko kuwa mu bari sai ya sami sarari ya je awon jini? Waɗanne alamomi ne mutum zai gani ya san cewa shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, kuma me ya kamata a yi a gida kafin a isa asibiti? Allah ya saka da alheri.

Likita (Jos):

Wa alaikumus salam, Maman Ilham, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kai shi sashen gaggawa na babban asibiti yau ɗin nan, kada ku bari sai gobe, kada kuma ku bar shi ya fita kasuwa ko ya tuƙa mota. Ba ni da ikon yanke hukunci a kan majinyacin da ban duba ba, amma abin da kika bayyana shi ne kamannin shanyewar wucin gadi, wadda ke faruwa idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, sannan ya narke ko ya wuce kafin sashen ya mutu. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hannu da ƙafar dama, kuma a wurin mafi yawan mutane a nan cibiyar magana take, saboda haka haɗuwar sakin hannun dama da harɗewar magana a lokaci guda ba aikin sanyi ba ne. Wuri ɗaya suke nunawa.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci ko iska, abin da jini ya kawo mata yanzu da shi take aiki yanzu. Tunda Baba ya san harkar lambu, ki yi masa bayani da abin da ya sani: fangalin da aka toshe wa hanyar ruwa yakan fara yaushi, idan an buɗe da wuri ya miƙe, idan an daɗe sai dai a tuge. Yau hanyar ta buɗe da kanta, amma abin da ya jawo toshewar yana nan, ko dai jijiyar wuya ce da kitse ya ƙuntata, ko zuciya ce ke bugawa ba bisa tsari ba tana harbo gudajin jini, ko kuma ƙananan jijiyoyi ne da hawan jini ya daɗe yana lalatawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka sami irin wannan sun gamu da cikakkiyar shanyewa cikin kwana 90, kuma rabinsu cikin kwana 2 na farko abin ya same su. Wani kuma da aka yi a Ingila aka wallafa a 2007 ya nuna cewa idan aka duba mutum aka fara ba shi magani nan take, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Ke nan yau da gobe su ne mafi haɗari gare shi, kuma a cikinsu ne magani ya fi amfani.

Abin da ya haɗa alamomin shi ne suna zuwa farat ɗaya, galibi a gefe ɗaya na jiki, kuma sau da yawa babu ciwo ko kaɗan. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane, domin mun saba auna girman cuta da zafinta. Duk wanda ke kusa yana iya gwada abu uku cikin minti ɗaya. Ki ce masa ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa, ki duba ko gefe ɗaya na bakin ya ƙi ɗagawa. Ki ce ya miƙa hannayensa biyu gaba, tafuka suna kallon sama, ya rufe idanu ki ƙirga goma, hannun da ya taɓu zai riƙa sauka ko ya juya ciki ba da saninsa ba. Sai ki sa shi magana. A nan kada ku wadatu da cewa ya amsa gaisuwa ko ya karanta Fatiha, domin abin da aka haddace yakan fita daidai ko da cibiyar magana ta taɓu. Ki nuna masa makulli ko buta ki ce ya faɗi sunanta, ko ki ce ya taɓa kunnensa na hagu, ki ga ko ya fahimci abin da kika ce. Wani maganarsa za ta fito sumul amma kalmomin ba su da alaƙa da juna, sai a ɗauka taɓin hankali ne ko shafar aljanu.

Akwai alamomin da waɗannan gwaje-gwaje ba sa kamawa. Ido ɗaya ya yi duhu farat ɗaya, ko mutum ya daina ganin rabin abin da ke gabansa yana karo da ƙofa ta gefe guda, ko ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Jiri mai ƙarfi tare da tangaɗi, yadda mutum ba zai iya tsayawa ko tafiya a miƙe ba. Ɓarin jiki ya mutu, a taɓa shi bai ji ba. Sai kuma ciwon kai da ya sauko da dukan ƙarfinsa lokaci guda, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, musamman idan akwai amai ko sanƙarewar wuya ko gushewar hankali, domin wannan yakan nuna jijiya ce ta fashe.

Idan an ga ko da ɗaya, a dubi agogo a riƙe lokacin, domin shi likita zai fara tambaya. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga farawar alamomin, kuma an ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Wanda ya tashi daga barci da alamun, ana ƙirga masa daga lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.

Soke yatsu da allura ba ya buɗe jijiyar da ke cikin kai, ɓata lokaci ne kawai da jawo rauni. Asfirin kuwa magani ne na gaske, amma ba a ba da shi a makance. Shanyewa iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma daga waje kamanninsu ɗaya, sai hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ke bambance su. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa kashi 32 cikin 100 na majinyatanmu zubar jini ce a ƙwaƙwalwa, adadin da ya fi na ƙasashen Turai nesa. Wanda jini ke zuba a cikin kansa idan aka ba shi asfirin an ƙara masa. Shi Baba da alamominsa suka gushe, mai yiwuwa likita ya fara ba shi asfirin ɗin yau, amma bayan ya duba shi.

Tsohon Malami (Bukuru):

'Yata, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da Likita ya faɗa a kan jiri da ganin abu biyu-biyu shi ne ya sa ni yin magana, domin haka ta faru da yayana, Allah ya jiƙansa. Shi bakinsa bai karkace ba da farko. Abin da muka fara lura da shi shi ne, yana dawowa daga masallaci takalminsa na hagu ya suɓuce, ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa bai sani ba, sai yara ne suka biyo shi da takalmin. Ya ce jiri yake ji, kuma fitilar ɗaki biyu yake ganinta. An kai shi kemis, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, aka yi masa ƙarin ruwa a gida, ya ji dama-dama. Ba a yi nisa ba aka tsince shi a banɗaki da safe, ɓarinsa na hagu ya shanye gaba ɗaya, kuma a haka ya rayu sauran shekarunsa sai an ɗaga shi an kwantar.

Nan take gari ya ɗauka cewa ya shiga makewayi bai yi addu'a ba aljani ya buge shi, wasu kuma suka ce faɗuwar ce ta jawo. Likitan da ya duba shi ya ce mana akasin haka ne: shanyewar ce ta kayar da shi. Ya ƙara da cewa jini yakan hau da sassafe bayan an tashi daga barci, shi ya sa cutar ta fi zuwa tsakanin asuba da hantsi, lokacin da kowa ke shiga banɗaki. Tun daga nan na daina mamakin yawan labaran da muke ji na wane ya faɗi a bayi.

Game da ruƙiyya, ba na ganin dalilin jayayya da gwaggonku. Addu'a ba ta buƙatar a zauna a gida, ana iya yin ta a cikin mota, ana iya yin ta a bakin gadon asibiti, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ki ce mata ta shigo motar ta riƙa tofa masa har ku isa. Amma aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan Baban naku, kuma a nan ina ba ki shawara a matsayina na tsararsa. Dattijo ba ya son 'ya'yansa su tsaya a kansa suna ba shi umarni a gaban matarsa, zai ƙi ko da ya san gaskiya kuke faɗa. Ki nemi amininsa na kasuwa, ko limamin masallacinsu, ko wani wansa idan yana da shi, ki yi masa bayani a gefe, shi ya zo da mota ya ce ya raka shi. Kada a ce masa ba shi da lafiya, a ce za a je a auna jini a dawo. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: duk gidan da ke da mai hawan jini ya kamata su san maƙwabcin da ke da mota da lambarsa, domin da tsakar dare keke wuya yake yi a garin nan.

Ɗan Dilimi:

Ranka ya daɗe Likita, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a wuri biyu. Na farko, allurar nan ta awa 4 da rabi da ake ta ambato, talaka nawa ne ya taɓa ganinta? Abin da muka sani shi ne ka kwashi majinyaci da gudu, a ce ka biya kuɗin kati, ka biya na gwaje-gwaje, ka biya na hoton ƙwaƙwalwa wanda ya fi abin da wani ke samu a wata, daga ƙarshe a kwantar da shi a rataya masa ruwa. Idan ƙarshen abin ruwa ne, mutane za su ce gara a yi a gida. Ba ina goyon bayan zama ba ne, ina faɗin abin da ke hana jama'a tafiya ne.

Na biyu, ba kowace karkacewar baki ce shanyewar ɓarin jiki ba. Ɗan kawuna, matashi ne da bai kai 30 ba, ya tashi da safe a lokacin hunturu bakinsa ya koma gefe, idonsa ɗaya ba ya rufuwa, ruwa ma zuba yake idan ya kurɓa. An yi ta murza masa man zafi ana gasa wurin da tsumma, cikin 'yan makonni ya dawo daidai, kuma har yau lafiyarsa ƙalau. Da mun bi maganar gudu asibiti da an kashe kuɗi a banza. To ta yaya mutum zai bambance wannan da wancan?

Nas (Tudun Wada):

Ƙanena, tambayarka tana kan hanya. Abin da ya sami ɗan kawunka ya fi kama da shanyewar jijiyar fuska, wadda ke fita ta kusa da kunne, kuma yawancin masu ita suna warkewa ko an murza ko ba a murza ba, don haka ba man zafin ne ya yi aikin ba. Alamarta ita ce gefen fuskar gaba ɗaya yake mutuwa, mutum ba ya iya ɗaga gira ko tattare goshi ko rufe ido a wannan gefe, amma hannu da ƙafa lafiya lau, kuma ba ya rasa kalmomi. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa yawanci yana iya ɗaga girarsa biyu, ƙasan fuskar ne ke sauka. Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya yi wannan hukunci a gida, domin akwai shanyewar da ke faruwa a gindin ƙwaƙwalwa wadda ke kwaikwayon ta jijiyar fuska, sannan ita ma ta fuskar akwai maganin da ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3, ga idon da ba ya rufuwa wanda ke buƙatar kariya kada ya bushe. Mahaifin Maman Ilham kuwa hannunsa ya saki, maganarsa ta harɗe, ga hawan jini, ga shekaru, ba su cikin aji ɗaya da ɗan kawunka.

Ni abin da na fi gani a ɗakin majinyata shi ne ɓarnar da ake yi a gida da kyakkyawar niyya. Mutum ya faɗi, sai a tallafo kansa a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko zuma, ko kunu. Da yawa daga masu shanyewa maƙogwaronsu ma ya taɓu, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani ko tari ba zai yi ba, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi wuya. Ciwon huhun nan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su a makon farko. Saboda haka kada a sa masa komai a baki, har da maganinsa na hawan jini, sai an gwada haɗiyarsa a asibiti. A kwantar da shi a gefensa domin yawu ko amai ya fita waje, a sassauta masa wuyan riga, a cire haƙoran roba idan yana da su, a tattaro duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma idan akwai mota a kusa kada a zauna jira.

Wuri ɗaya ne na san ana ba da wani abu a baki. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura, musamman a lokacin azumi, sugansa yana iya faɗuwa ya kawo ruɗewa da harɗewar magana har da sakin ɓarin jiki, yawanci tare da gumi da karkarwa. Idan akwai na'urar awo a gida a auna nan take. Idan ya nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a na'urorin da ke nuna ƙananan lambobi, kuma mutumin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga, sannan duk da haka a wuce asibiti.

Maman Ilham (Anguwan Rogo):

Na gode muku ƙwarai. Baba na Bukuru, na bi shawararka, na kira amininsa da suke rumfa ɗaya, ya ce yana nan tafe da mota kuma shi zai yi masa magana. Likita, wane irin asibiti ya kamata mu nufa, kuma me za mu sa ran za a yi masa, tunda yanzu duk wanda ya gan shi zai ce lafiyarsa ƙalau? Ina tsoron a ce mana mu koma gida mu dawo ranar ganin likita.

Likita (Jos):

Ku nufi babban asibiti kai tsaye, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Jankwano, kada ku tsaya a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa. Tun a bakin ƙofa ki faɗi abin da kika gani da idonki, da lokacin da ya fara da lokacin da ya wuce, ki ce bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta harɗe. Kada ki ce jikinsa ne ya ɗan motsa, kada kuma ki bar shi ya ba da labarin shi kaɗai, domin zai rage. Za a auna jininsa da sugansa da kitsen jini, a ɗauki awon bugun zuciya domin neman bugun da ba shi da tsari, wanda ke ninka haɗarin shanyewa kusan sau 5, a yi hoton ƙwaƙwalwa, kuma idan da hali a duba jijiyoyin wuya. Daga nan za a tsara masa magunguna, kuma na hawan jini kullum ake shan sa, ko kai ya yi ciwo ko bai yi ba. A binciken 2018 da na ambata, hawan jini shi ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar da ake samu a yankinmu, kuma ƙara gishiri a abinci da ƙarancin cin ganye suna cikin abubuwan da aka lissafa.

Ɗan Dilimi, maganarka a kan allurar gaskiya ce, tana da tsada kuma asibitoci kaɗan ne ke yin ta a ƙasar nan. Inda na saɓa da kai shi ne cewa sauran aikin ruwa ne kawai. Hoton da kake ganin tsadarsa shi ke nuna yadda za a yi da jinin mutum. Idan jijiya ce ta fashe, ana saukar da hawan jinin da wuri domin zubar ta tsaya. Idan toshewa ce, mukan bar shi a sama a ranar farko, wani lokaci har kusan 220 bisa 120, domin da wannan ƙarfin ne jini ke ratsawa zuwa sashen da bai gama mutuwa ba. Wanda ya sa wa majinyaci ƙwaya a ƙarƙashin harshe don jinin ya faɗo da sauri yana iya faɗaɗa ɓarnar. Ƙara da gwajin haɗiya, da daidaita suga, da sauke zazzaɓi, da juya majinyaci kada ya yi gyambon kwanciya, da fara gashi da motsa gaɓoɓi da wuri. An tabbatar cewa irin wannan kulawa idan an tsara ta tana rage mutuwa da nakasa ko ba a yi allurar ba. Ta fuskar kuɗi kuwa, gwaje-gwajen mutumin da ke tafiya da ƙafarsa ba su kai kusa da abin da shekarun jinyar kwance ke ci ba, ga kuma sana'ar da za ta tsaya.

Maman 'Yan Biyu (Nasarawa Gwom):

Likita, a gafarce ni, na ga duk maganar a kan manya take. Ɗaya daga cikin 'ya'yana sikila ne, shekararsa 6, kuma an taɓa ce mini su ma suna iya samun wannan cuta. Shin gaskiya ne, kuma alamun iri ɗaya ne da na manya?

Likita (Jos):

Gaskiya ne, Hajiya, Allah ya raya su. Idan ba a yi rigakafi ba, kimanin yaro 11 cikin 100 masu sikila mai nau'in SS suna samun shanyewa kafin su kai shekara 20, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun da ɗanki yake ciki. Alamomin iri ɗaya ne, sai dai yaro ba ya iya bayyana su, uwa ce za ta lura. Yaron da ya saba cin tuwo da dama sai a ga ya koma hagu, a yi ta kwaɓarsa ana cewa rashin tarbiyya ne, alhali hannun ne ya ƙi. Ko ya riƙa jan ƙafa ɗaya, ko fensir ya riƙa faɗuwa daga hannunsa, ko maganarsa ta canza, ko ya yi farfaɗiya. Bambancinsa da tashin ciwon da kika saba gani shi ne, a tashin ciwo yaro yana ƙin motsa gaɓar ne saboda zafi, a nan kuwa babu zafi amma gaɓar ba ta da ƙarfi.

Akwai awon gudun jini a jijiyoyin kai da ake yi da na'urar da ake ɗorawa a gefen goshi, ba allura ba zafi, wanda ake so a yi wa masu sikila sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Wanda awonsa ya hau ana kare shi da ƙarin jini a kai a kai, kuma binciken da aka gudanar a asibitocin Kano ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana ba da kariya a inda ƙarin jinin ke da wuya. Ki tambayi wannan awo a asibitin da kuke ganin likitan sikila. Idan kuwa kika ga ɗaya daga alamun nan, ko da ta zo ta wuce, maganin gaggawar yaro mai sikila ƙarin jini ne ko musanya shi, saboda haka ki nufi asibitin da ke da ma'ajiyar jini, ki tafi da katinsa, kuma ki faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa sikila ne.